Ɗiyata ba ta cika shekara biyar ba ta fara karatu, wane littafi zan ba ta?

Maman Auta, Unguwar Zariya

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon zancen, sai kun ji yadda abin ya faro za ku gane inda ya ɗaure mini kai.

Autata shekararta huɗu da wata bakwai. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata karatu. Yayanta ne ke CP, aji na biyu a lakwal, wato firamare, kullum bayan Magariba nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ɗauko allonsa na lakwal da alli mu yi ta haɗa baƙaƙe. Ita kuwa tana gefe rub da ciki tana wasa da marafan kwalba. Ashe kunnenta na wurinmu. Ran nan muna cikin adaidaita za mu Babbar Kasuwa, wata babbar mota ta sha gabanmu, sai na ji ta tana jan baki a hankali: "Ha... ku... ri... ma... ga... ni." Na ɗaga kai, ga rubutun nan ɓaro-ɓaro a bayan motar. Mai adaidaitar ma sai da ya waiwayo ya dube ta.

Tun daga ranar ba abin da ta ƙyale. Kwalin shayi, gwangwanin tumatir, takardar magani da aka ba mu a likita, allon shagon tela, har saƙon da ke shigowa wayata in na ajiye ta kusa. Na yi murna, na gode wa Allah, na je wurin masu baza littattafai a ƙasa na sayo mata guda biyu masu hotuna a kan jika biyu. Duka na Faransanci ne, su kaɗai na samu. Ɗaya labarin wata dabba ce da ta sa rigar sanyi ta fita cikin ƙanƙara. Kafin in gama tankaɗen gari ta ƙare shi. Ta furta kalmomin kusan daidai, amma da na ce ta ba ni labarin sai ta yi tsuru. Bakinta ne kawai ya bi ta kansu.

Hausa kuwa in ta karanta tana ganewa sarai, kuma nan ne abin ya same mu.

Babanta ya sayo wani ɗan ƙaramin littafi a ƙofar masallaci ranar Juma'a, na wa'azi ne a kan mutuwa da kwanciyar kabari, da Hausar boko. Ya ajiye shi a kan taga. Ina bakin murhu ina tuƙa tuwo na ji gidan ya yi tsit, ban kawo komai a raina ba. Da dare ta ƙi tuwon, ta ƙi kwanciya a shimfiɗarta, ta zo ta ƙanƙame mini zane. Can cikin duhu ta ce, "Mama, Inna da aka kai, ƙasa ta matse ta?" Inna mahaifiyata ce, ta rasu daminar bara, ita ta goya Auta tun tana jaririya. Wallahi na rasa bakin magana, sai na rungume ta ina karanta mata Falaƙi da Nasi. Kwana uku tana firgita cikin barci.

Littafin ba shi da laifi, don manya aka rubuta shi, kuma gaskiya ya faɗa. Mu ne muka saba cewa yaro mai shekara huɗu ko takarda na gabansa ba ta yi masa magana. Tawa ɗiyar takarda na yi mata magana, amma zuciyarta har yanzu ta mai shekara huɗu ce, wadda ke kuka in akuya ta ci mata ƙosai.

Washegari na tattara duk wata takarda mai Hausa a gidan, har da littattafan soyayya na ƙanwata da ke zaune wurinmu, na zuba a akwati na sa kwaɗo. Yanzu ba ta da komai sai waɗancan biyun da ba ta ji, kullum tana bina tana cewa in ba ta "mai labari". Surukata ta ce mu daina nuna ta, baki mugun abu ne. Na yarda da ita, kuma muna yi mata addu'a safe da yamma. Amma ta ƙara da cewa a raba ta da takardu gaba ɗaya har ta shiga CI, ajin farko na firamare, wannan ne raina bai kwanta da shi ba. Yaron da ke jin ƙishirwa ba a ɓoye masa randa, ruwan ake tacewa.

To wane littafi ne ke da kalmomin da za su ishe ta, amma ba zai ɗora mata abin da ya fi ƙarfin zuciyarta ba? Da Hausa zan tsaya ko in matsa mata da Faransanci tunda shi za ta tarar a aji? Kuma a ina ake samu a nan Maraɗi? A lambun yaran da take zuwa, wato makarantar ƙanana kafin firamare, an ce mu kai ta CI a komawar lakwal mai zuwa, shi ma ban yanke ba.

Tsohon Mushe

Wa alaikumus salam. Allah ya raya ta, ya tsare ta. Maman Auta, na riƙe alli sama da shekara 30 kafin in huta, kuma na ɗan taɓa koyarwa a makarantun gwaji, waɗanda aka faro a Damagaram tun 1973, inda yaro ke fara karatu da harshensa kafin a shigo masa da Faransanci. Na ga irin ɗiyarki, ba su da yawa amma akwai su.

Kin riga kin gano abin da kanki. Yaro irin wannan shekarunsa iri biyu ne, na baki da na zuciya, kuma da na zuciya ake zaɓa masa littafi. Gwajin da nake yi ba shi da wuya: ta karanta shafi guda, ki rufe littafin, ki ce ta ba ki labari. In ta maido shi da Hausarta, tana ƙara nata gishiri, littafin nata ne. In ta yi tsuru, kamar yadda ta yi da na ƙanƙarar nan, ajiye shi, ba karatu take ba. Sannan kada littafi ya shiga hannunta sai kin karanta shi daga farko har ƙarshe. Kada ki tsaya a bango da hotuna.

Ki tsaya da Hausa yanzu. Faransanci ba zai gudu ba, kuma yaron da ya saba jin abin da yake karantawa shi ke saurin kama harshe na biyu. Ga shi ma tun 2025 dokar ƙasarmu Nijar ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma ki sa kunne a wuri guda. Ta koyi baƙaƙe ne daga allon yayanta, wato da ƙa'idar Faransanci, don haka za ki ji ta tana karanta "ci" kamar "si", "ciki" ya koma "siki", ko ta tsuke baki a kan "u". Mu a nan idonmu ya saba da Dan Goulbi da Tchadoua a allunan hanya, alhali a rubutun Hausa Ɗan Gulbi ne da Cadawa. Ki nuna mata sau biyu ko uku cewa kowane harshe da yadda yake kiran baƙinsa, ki nuna mata masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Kada ki mai da shi darasi, a cikin karatun za ta ɗauka.

Batun sunayen littattafai. Ka Koyi Karatu wataƙila ta wuce shi, amma ki ba ta shi duk da haka, yara na son abin da suka fi ƙarfinsa, sannan Ka Ƙara Karatu. Bayansu ki nemi Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littafi shida ne, ki fara da na ɗaya. Mutane da yawa za su ce miki Magana Jari Ce, don duk wanda ya ji "littafin Hausa" nan hankalinsa ke zuwa. Ina girmama Abubakar Imam ƙwarai, littafin nan tun 1937 ake karanta shi kuma bai tsufa ba. Amma ban yarda ki miƙa wa mai shekara huɗu shi ki juya baya ba. Akwai yaƙi a ciki, da cin amana, da kisa, da zancen miji da mata. Ke ki riƙe shi, ki zaɓi na dabbobi da na ban dariya ki karanta mata, ta karɓi layi biyu ko uku in ta so. Sauran ya jira ta kai shekara takwas ko tara.

Abin da ya fi duk waɗannan kuwa yana cikin gidanku. Surukarki ba ta san tatsuniya ba? Ki sayi kaye, wato littafin rubutu, ki roƙe ta ta yi wa yaran tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ki rubuta da manyan baƙaƙe, layi huɗu ko biyar a shafi, ki bar rabin shafin fili Auta ta zana. Kalmomin da Hausar Maraɗi ce, kin san abin da ke ciki, kuma tsohuwar da ke tsoron takarda za ta ga maganarta ce a kan takardar.

CI kuwa, ni dai ban so. Aji ba karatu kaɗai ba ne. Akwai zaman awa da awa a benci, da riƙon alli, da turereniya da ƴan shekara bakwai a bakin famfo.

Mai Zuwa Kano

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ni ɗan kasuwa ne, ina bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya kusan kowane wata. Waɗanda Baba Mushe ya lissafa ana samun su a Katsina in an yi sa'a, amma Kano ta fi tabbas, wajen masu littattafai a kasuwar Sabon Gari. Na addini kuwa Kurmi. In kina aike, ki ce a tambayi littattafan Hausa na aji ɗaya zuwa uku na firamare, haka masu shagon suka fi ganewa.

Gargaɗi ɗaya. Akwai bugun da ba na asali ba, tawadarsa ta kwashe, rubutun ƙanana kamar ƙwayar gero, wani ma shafuka sun ɓace a tsakiya. Na taɓa sayo wa ɗana guda, sai da ya kai inda labari ya yi daɗi ya tarar shafi takwas babu, ya yi ta kuka. Duk wanda za ki aika ya buɗe ya ƙirga lambobin shafi a gaban mai shagon. In ba ki da ɗan aike, rubuto mini sunayen a nan, in Allah ya kai mu tafiya ta gaba zan duba.

Malamar Islamiyya, Bagalam

Ƴar'uwa, ni tambayar da ta yi miki cikin dare ce ta tsaya mini a rai. Kada ki bar ta ba amsa, don yaro in an yi shiru shi ke cika wurin da abin da ya fi muni. Ba za ki yanke wa Inna hukunci ba, wannan na Allah ne. Amma za ki iya gaya mata gaskiyar da ta dace da ita: Allah ya fi uwa tausayin ɗanta, Inna tana sallah tana kyauta, kuma addu'ar da muke yi mata tana isa gare ta. Ki koya mata ta riƙa cewa "Allah ya jiƙan Inna" kafin ta kwanta. In ta san akwai abin da take iya yi wa kakarta, tsoron zai ragu.

Sallah ma sai a shekara bakwai aka ce a fara umartar yaro, kuma an ɗauke masa alƙalami har ya balaga. To ina dalilin fara masa da azaba? A fara da rahama. Akwai ƙananan littattafan ƙissoshin Annabawa da Hausa, amma su ma ki zaɓa. Tururuwar da ta gargaɗi ƴan'uwanta da rundunar Annabi Sulaiman ta taho, da tsuntsu huda-huda, da kifin Annabi Yunusa, da dabbobi bibbiyu a jirgin Annabi Nuhu, waɗannan yaran ajina ba sa gajiya da su. Ƙissar Annabi Yusufu kuwa, duk da ita ce mafi kyawun labari, nakan jinkirta wa ƙanana ita. Na taɓa ba da ita, wata yarinya ta koma gida ta ƙi yarda yayyenta su raka ta ko'ina, wai za su jefa ta rijiya.

In ba ta fara allo ba ki sa ta. Mai kai irin nata babbaƙu da farfaru ba za su ba ta wuya ba. Maganar surukarki kuma akwai hikima a cikinta ko ban da baki. Yaron da ake kira ya karanta wa baƙi kullum, daga baya don a yaba masa yake karatu.

Baban Ƴan Biyu, Sabon Gari

Ku gafarce ni, ni ina ganin duk an ɗauki abin da zafi. Babban ɗana haka ya fara, muka yi ta sayo littafi, muka tsallakar da shi aji, kowa na cewa lokotoro za a yi. Yana kai CE2, aji na huɗu, ya tsani ganin takarda, sai da muka sha wuya kafin ya dawo. Maman Auta, ki bar ta ta yi ƴar tsana da gaɗa da wasan ƙasa da sa'o'inta. Littafi uku ko huɗu sun ishe ta shekara, yara suna son maimaici. In ta kawo ki karanta da ita, in ba ta kawo ba kada ki kira ta.

Ɗaliba a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo

Tanti, akwai na kyauta a intanet. Ki nemi African Storybook da StoryWeaver, dukansu suna da labaran yara da Hausa masu hotuna, kuma an jera su mataki-mataki, daga mai kalma ɗaya-ɗaya har mai dogon sakin layi. Ina ganin mataki na 2 da na 3 za su yi mata. Ba sai kin bar mata waya ba, ki sauke su ki kai wurin masu foto kwafi su buga miki su ɗinke. Haka nake yi wa ƙannena, kuma ba ruwanmu da ko an ɗauke kuran.

Ki dai fara karantawa kamar yadda Baba ya ce, don wasu fassara ce kuma Hausarsu ta yi tauri, ni kaina sai na maimaita jimla kafin in gane. Za ki ga kuma na Nijeriya suna rubuta 'y inda mu muke rubuta ƴ, ki gaya mata abu guda ne. Ki gwada mata waɗanda ba tatsuniya ba, na dabbobi, da ruwan sama, da taurari. Suna da kalmomi sababbi da yawa amma ba wanda ke mutuwa a ciki. Kamfanin Gashingo na Yamai ma yana buga littattafan yara da harsunan ƙasa, in kina da mai zuwa can.

Maman Auta, Unguwar Zariya

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana biyu ne don in gwada kafin in dawo.

Baba Mushe, kamar kana tsakar gidanmu. Na rubuta mata "cinya" ta ce "sinya", na gyara sau biyu, yanzu ita ke gyara wa yayanta. Na sayi kaye, na je ɗakin surukata bayan Isha'i na durƙusa na ce, "Hajiya, yara na son tatsuniya." Ta ce ta manta. Auta ta ce "Ga ta nan, ga ta nan ku" da kanta, sai tsohuwa ta yi murmushi ta ce, "Ta zo mu ji ta," daga nan ta karɓe. Ta yi ta Gizo da ya je gidan biki. Na rubuta a cinyata da hasken waya, washegari na sake kwafa da manyan baƙaƙe, ta cika shafi tara. Auta ta karanta ta kai ƙarshe, ta ɗago ta ce na yi kure, ban sa waƙar da Ƙoƙi ta yi ba. Sai da muka koma wurin Hajiya ta sake rerawa na rubuta. Jiya na tarar da su biyu a kan tabarma, Auta na karantawa, Hajiya na gyara mata inda na canza mata kalma. Ba ta sake zancen a ɓoye takardu ba, amma ta ce kayen nan ba zai fita ƙofar gida ba, na ce to.

Malama, na gaya mata abin da kika ce. Ta tambaye ni ko Inna na jin addu'ar, na ce ladarta na isa gare ta. Yanzu kowane dare sai ta faɗa kafin ta kwanta, kuma ta koma shimfiɗarta. Sau ɗaya ta sake tambayar ƙasar nan, da rana tsaka muna wanki, na amsa mata kamar farko ta ci gaba da wasa da kumfa.

Baban Ƴan Biyu, maganarka ta yi mini nauyi, don na ga kaina a cikinta. Na riga na fara lissafin littafi goma. Mun yi magana da babanta, CI sai ta cika shida.

Alhaji mai zuwa Kano, in ba takura, Ka Ƙara Karatu da littafi na ɗaya da na biyu na Tatsuniyoyi da Wasanni. Ka faɗa mini abin da suka kama da sefa, babanta zai kawo maka kuɗin shago kafin ka tashi.